Kun Tambaya, Mun Amsa: Liyafar Ɗalibai da Abin da Ke Cikin Gora

Lokacin kammala karatu ya zo, wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowa kuma daga ɗaliban manyan makarantun Zamfara da Kebbi suke, kan dina da walima da bikin yaye ɗalibai. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban kwamitin shirya dinar kammala karatu ta sashenmu, muna sa ran mutum 200. Giya ba ta cikin tsarinmu, kowa ya san garin da muke. Amma a bikin waɗanda suka gabace mu an ga wasu sun shigo da gorunan lemo da aka haɗa da wani abu, har taro ya watse da faɗa. Yaya za mu kauce wa haka? (Wani ɗalibi, Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ba ka kwanta a kan "kowa ya san garin da muke" ba. Gaskiya ne a Gusau aka yi shelar Shari'a a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, Kebbi ma ta bi sahu. Hanin ya kawar da kwalbar giya daga kan tebur, amma mai niyya ba da kwalba yake zuwa ba. 'Yar ledar barasa mai ƙarfi tana shiga aljihun riga, kuma abin da ya fi yawa a wajenmu ma ba giya ba ne, kodin ne da tiramol da roci (wani maganin barci mai ƙarfi), waɗanda ake zubawa a lemo ko zoɓo a riƙe gora a bainar jama'a ba wanda ya sani. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma har yanzu hukumar NDLEA tana kama shi. Binciken ƙasa na 2018 kan shaye-shaye ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Saboda haka kada ka sa ido a ɓangaren maza kaɗai.

Aikinka guda ɗaya ne: duk abin da za a sha a zauren ya zama ta hannun kwamiti ya bi. Sauran tsare-tsare duk daga nan suke fitowa.

Ka fara da takardar izini daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka zaɓi zauren da za a iya barin ƙofa ɗaya ta shiga. Tun ranar da aka fara sayar da tikiti a rubuta a jikinsa cewa ba a shigowa da abin sha daga waje, ko da ruwa ne, kuma wanda ya fita ba dalili ya fita ke nan. Idan sai a bakin ƙofa mutum ya fara jin wannan doka, rigima za a yi. A ƙofar a sa maza biyu da mata biyu, mace ta duba jakar mace. Mai ciwon da ke yawo da maganinsa ya nuna shi a cikin kwalinsa a bar shi ya wuce.

Hana shigowa da abin sha ba ya tsayawa sai in naku ya wadata, kuma nan ne yawancin kwamitoci ke faɗuwa. Lemo ya ƙare tun ana tsakiyar jawabi, mutane su fara fita neman ruwa, ƙofa ta buɗe, shi ke nan doka ta rushe. Ga taron awa uku zuwa huɗu ka lissafa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, in lokacin bazara ne, watau Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ka kai lita biyu. Ga mutum 200, fiya wata biyu kowa ya zama 400, jaka 20 ke nan tunda kowace jaka 20 ce, ka ƙara jaka biyar ta ko-ta-kwana. Lemon kwalba kiret tara ya ba ka 216. Zoɓo ko lemon citta, jarka mai lita 25 tana cika gora 50 masu rabin lita, jarka huɗu ta isa kowa ya samu ɗaya.

Zoɓon nan shi ne wurin da ya kamata ka fi tsayawa. Kada a kawo shi cikin babbar kula a buɗe kowa na ɗiba, domin mutum ɗaya ya isa ya ɓata abin shan mutum ɗari. A ba mutum ɗaya amintacce aikin, ya ɗura a sababbin goruna masu murfin da ba a taɓa karyawa ba, ba tsofaffin da aka tsinto aka wanke ba. A sa musu alama iri ɗaya, ko da 'yar takarda ce mai sunan sashenku. Da haka duk gorar da ba ta da alama za ta fito fili daga nesa, ba sai an shinshina ta ba.

Abinci ya fito cikin awar farko. Ciki ba komai shi ke sa abin maye ya hau kai da sauri, yunwa kuma ita ke sa mutane fita. Banɗaki da wurin ajiye motoci a haska su, a riƙa zagayawa duk bayan minti 20, don a nan ake yin abin da ba a iya yi a zaure. Ka ware mutum shida, uku maza uku mata, waɗanda ba su da wani aiki a ranar sai lura da jama'a. Mota ɗaya ta tsaya da mai a cikinta da direban da ba zai bar wurin ba, a kuma sanar da asibitin makaranta rana da lokaci. A tashi da wuri; halin da hanyoyinmu ke ciki bai bar wa kowa uzurin raba dare ba.

Abin da ke karya duk wannan shi ne sanayya. Da zarar ɗan kwamiti ya ce a bar abokinsa ya wuce da gorarsa, masu tsaron ƙofa ba su da bakin hana na bayansa. A fara binciken da ku 'yan kwamiti, a gaban kowa.

Tambaya: Bayan wani biki wata ƙawarmu ta faɗi ba ta ji ba ta gani. Wasu suka ce a kwara mata ruwa, wasu suka ɗura mata madara, aka kai ta ɗaki aka rufe don kada hukumar makaranta ta ji a kore ta. Allah ya sa ta farka da asuba. Mene ne daidai a irin wannan hali? (Wata ɗaliba, Birnin Kebbi)

Amsa: Ƙanwarmu, mun gode wa Allah da ya tashi kafaɗunta, amma abubuwa ukun da aka yi mata kowannensu yana iya kashe mutum, kuma na ukun ya fi muni.

Giya da kodin da tiramol da magungunan barci irin su roci duk aikinsu ɗaya a nan: suna danne ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da numfashi. In aka haɗa biyu ko uku, ƙarfinsu ya ninku. Mutum ba ya mutuwa da ihu. Numfashinsa ne ke raguwa a hankali yana kwance, na kusa da shi suna cewa barci yake. Ko kuma ya yi amai bai sani ba, aman ya koma huhu. Shi ya sa ba a ba wanda ba ya cikin hayyacinsa komai ta baki, ko madara ko manja ko ruwan gishiri ko shayi, domin maƙogwaronsa ba ya iya tare abin da zai bi hanyar iska. Madara ba ta karya maye. Ruwan sanyi ma ba ya farkar da shi, sanyaya jikin da dama ya riga ya yi sanyi kawai yake yi. Sannan abin da ke cikin ciki yana ci gaba da shiga jini bayan kurɓar ƙarshe, don haka wadda aka kwantar tana magana, bayan awa ɗaya tana iya kasa motsi.

Ga abin yi. Ki kira sunanta da ƙarfi, ki girgiza kafaɗarta, ki mintsine ta. Ki kalli ƙirjinta ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cif da agogon waya. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. In ya gaza 8, ko ana samun tsaiko na daƙiƙa 10 tsakanin numfashi da numfashi, ko tana wani irin minshari mai gurnani, ko leɓe da farce sun canza launi sun yi duhu ko toka-toka, ko baƙin tsakiyar ido ya tsuke ya koma kamar kan allura, to asibiti za a tafi a take. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, in dai ba ta farkawa, asibiti ne.

Kafin mota ta iso a kwantar da ita a gefe ɗaya, ba rigingine ba: a lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama don kada ta kife, a sa bayan hannunta a ƙarƙashin kunci, a ɗan ɗaga haɓa, baki na kallon ƙasa yadda amai zai zubo waje. A sassauta hijabi ko ɗankwalin da ya matse wuya, a kare mata mutuncinta da mayafi, a rage taron 'yan kallo, a hana ɗaukar hoto. In ta fara jijjiga, wanda tiramol ya shahara da jawowa, kada a cusa mata cokali a baki kuma kada a danne ta. A kawar da abin da zai ji mata ciwo, a duba lokaci, in jijjigar ta lafa a mayar da ita gefe. In numfashi ya tsaya gaba ɗaya, a kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane danni 30 a hura mata iska sau biyu a baki. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma kada a zauna jiran ta in akwai mota a kusa. Ba a ɗora wanda ya suma a kan kabu-kabu.

A tafi da gorar ko ledar maganin da aka gani kusa da ita, a faɗa wa likita gaskiya. Akwai allura mai suna naloxone da ke warware dannewar numfashi da kodin da 'yan'uwansa suka jawo cikin 'yan mintuna, amma ƙarfinta yakan ƙare kafin na ƙwayar, shi ya sa ake riƙe mutum a asibiti ko da ya farka.

Abu biyu kuma kada a manta. Na farko, ba duk wadda ta faɗi ce ta sha wani abu ba. Faɗuwar sukarin jini, tsananin zafi, farfaɗiya, duk suna kawo haka. Masu cewa iska ce su yi addu'arsu a cikin mota ana tafiya. Na biyu, wata zuba mata aka yi ba ta sani ba. Roci yana shafe tunanin abin da ya faru na awanni. In ta farka ba ta tuna komai, ko akwai alamar an taɓa ta, ta ga likita a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwajin fitsari ba ya jira kwanaki.

Tsoron kora shi ne ya rufe ƙofar ɗakin nan, kuma mun san ba tsoron banza ba ne. Ra'ayinmu shi ne ya kamata hukumomin makarantu su fito su bayyana a rubuce cewa ɗalibin da ya kawo ɗan'uwansa asibiti ba za a hukunta shi don ya kawo shi ba. Kafin a kai ga haka, ki kai ta asibiti. Maganar kwamitin ladabtarwa ana iya yin ta gobe, iyaye su zo, a nemi sassauci.

Tambaya: Ajinmu a haɗe yake, Musulmi da Kirista, 'yan gida da 'yan kudu. Kusan rabi sun ƙi biyan kuɗin dina, sun ce kiɗa da rawa da dare ba nasu ba ne. Wasu kuma sun ce in babu rawa ba za su zo ba, har suna son a yi amfani da kuɗin ƙungiya a ci gaba da shagali a wani wuri da ake sayar da giya. Ni ne sakatare, na rasa yadda zan yi. (Wani ɗalibi daga masarautar Zuru)

Amsa: Malam sakatare, kada ka nemi ɗayan ɓangaren ya ci ɗaya. Ka raba taron gida biyu. Duk abin da ya sa ake kiransa bikin aji, watau abinci, hoton gaba ɗaya, kyaututtuka, jawabin malamai, a tara su a kashin farko, da rana, ba kiɗa mai tashi. Asabar daga ƙarfe 11 zuwa 3 tare da hutun sallar azahar ta fi dacewa. Ta kauce wa Juma'a da safiyar Lahadi, matan aure da masu goyo su samu zuwa, masu nisa su koma gida da haske. A duba kalanda kada ya faɗa cikin azumin kowane ɓangare. In an gama kashin farko a sanar a fili cewa an kammala, a ba da minti 20, mai tafiya ya tafi ba tare da ya zama abin kallo ba. Masu son kiɗa su zauna, su kuma biya mai kiɗan daga aljihunsu. A jera kujeru iri uku: gefen mata, gefen maza, da teburan da kowa zai iya zama. In za a buɗe da addu'a, a ba kowane ɓangare minti biyu.

Ka tuna da waɗanda ba su yi magana ba. Mai ciwon sukari: kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, don haka a tanadi gora 20 na zoɓo mara sukari da alama dabam. Da wanda kuɗin tikiti ne ya gagare shi ya fake da cewa ba ya son rawa. A yi tikiti mai sauƙi, a rage ado da ankon dole.

Kuɗin ƙungiya da sunanta kuwa kada su shiga maganar wurin giya. Kuɗin na kowa ne, ciki har da waɗanda addininsu ya hana su ko da ɗaukar ta, kuma in wani abu ya faru kai da ka sa hannu za a nema. Dokar makaranta ma ba ta tambayar addinin wanda aka kama da barasa a harabarta.

Ga abokanka da suke sha, ka gaya musu wannan lissafi don lafiyarsu. Babbar kwalbar giya ta santilita 60 mai kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da barasa zalla kusan giram 24, hanta kuma giram 7 zuwa 10 take iya narkarwa a awa. Kwalba ɗaya awa uku ke nan, kwalba uku sai gari ya waye. Wanka ko goro ko lemon ƙara kuzari ba sa rage minti ɗaya. Ido kawai suke buɗewa, hannu da ƙafa na nan a buge. Wanda ya sha kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya haɗa da kowace ƙwaya, kuma ya guji ogogoro, watau barasar da ake dafawa a gida, wanda ba a san inda aka dafa shi ba. A 2015 irinsa mai gubar methanol ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas.

Tambaya: Ɗiyata za ta tafi Ingila karatun digiri na biyu. An ce mini kusan kowane taron jami'a a can da giya ake yin sa. Me zan gaya mata? (Wani uba, Argungu)

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. Abin da aka gaya maka akwai gaskiya a ciki, musamman a makon farko na sababbin ɗalibai da liyafar bayan taron ilimi. Amma masu ƙin sha suna da yawa a can, har cikin Turawan, kuma kusan kowace jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Ta neme su tun makon da ta sauka.

Ta koyi karanta jikin kwalba. Duk inda ta ga lamba da alamar % tare da "vol" ko "ABV", adadin barasa ne. Giyar kwalba kusan 4 zuwa 6, ta inabi 12 zuwa 14, masu ƙarfi 40. Abin da ake kira "cider" a Ingila giyar tufa ce, ba lemo ba. Wanda aka rubuta wa 0.0 shi ne babu, mai 0.5 akwai ɗan kaɗan. Abin sha da aka haɗa a babban kwano ana ɗiba ta bar shi. Wasu kayan zaƙi da miya ana sa musu giya, kuma dafuwa ba ta ƙone ta duka, sai ta tambayi mai rabon abinci, ba abin kunya ba ne a can. Ko a Legas ko Abuja akwai irin wannan tarko: Chapman da ake ɗauka lemo ne zalla galibi ana ɗiga masa Angostura, wanda barasarsa ta haura kashi 44, kuma Smirnoff Ice giya ce duk da kamarsa da lemo.

In an miƙo mata, "ba na sha, na gode" ta isa, ba sai da dogon bayani ba. Ta karɓi ruwa ko lemo a rufe, ta buɗe da hannunta, kada ta ajiye ta dawo ta ci gaba da sha. Ta je da wuri lokacin da ake gaisawa da malamai da maganar aiki, ta tashi cikin awa ɗaya. Hukuncin zama a teburin da ake shan giya kuwa akwai hadisi a kansa, ta zauna da malamin da kuka amince da shi kafin tafiya, ya bambance mata liyafar sashe da ba makawa da zaman mashaya.

Tambaya: Mun yi kunun aya da daddare don walimar washegari. Da rana muka ga gorunan sun kumbura, ya yi tsami yana kumfa. Ya zama giya ne? (Wata ɗaliba, Talata Mafara)

Amsa: Ya kama hanya, 'yar'uwa, kuma ko bai kai ga sa maye ba ya lalace, a zubar. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke cin sukarin aya da dabino, wasu su fitar da tsami, wasu su fitar da iska da barasa; iskar ce ta kumbura gorar. Ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Kunun aya bai da wannan juriya, domin ba a dafa shi, kuma a zafinmu 'yan awanni sun ishe shi. A yi shi da safiyar ranar walima da tafasasshen ruwan da ya huce, a wanke injin niƙa kafin a zuba aya, a ɗura a jera cikin kula, ƙanƙara a ƙasa da sama, a raba shi cikin awa huɗu zuwa biyar. In babu tabbacin wuta ko ƙanƙara, a koma zoɓo ko lemon tsamiya. Ana tafasa su, kuma tsaminsu na asali yana sa su fi daɗewa.